Fitilar bangon waje: ta ina waya za ta bi?

Sayen fitilar da za a kafa a bangon waje ba wani aiki ba ne. Ka shiga layin masu kayan wuta a kasuwar Sabon Gari ta Kano, ko na kowace babbar kasuwa, ka nuna wadda ta yi maka, a miƙo maka ita a kwali. Inda shawara take shi ne hanyar da wuta za ta bi ta same ta. Mai wayarin zai ɗaga kai ya dubi bango ya ce, "Alhaji, ta sama za mu bi ko fasawa za a yi?" Amsar da ya saba ji kuwa ita ce, "Malam, wanne ya fi sauƙi?" Sauƙin ranar aiki ake nufi. Ita kuma wayar za ta zauna a wurin ta sha ranar bazara, ta sha ruwan Agusta da ƙurar hunturu, a ƙarƙashinta yara na wasa ba takalmi, ana shanya, ana alwala.

Abu biyu ke raba gardamar. Na farko, ina fitilar za ta tsaya: a bangon ɗakin da ke da wuta a bayansa, ko a katanga da ginshiƙin get, inda sai an ƙetare tsakar gida? Na biyu, wane irin bango ne: gini ne da ba a yi wa filasta ba, gida ne da aka gama har da fenti, ginin ƙasa ne, ko gidan haya?

Akwai damuwar da ke cinye hankalin masu gida a banza, gara a sauke ta tun yanzu, wato kaurin waya. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce. Fitilar LED mai wat 20, wadda ta isa ta haska ƙofar gida tar, abin da take ja bai fi kusan kashi ɗaya cikin goma na amfiya ɗaya ba. Waya mai lamba 1.5 (lambar nan ma'aunin kaurinta ce) da aka saba sa wa layin fitilu tana ɗaukar fiye da amfiya 14 ko a cikin bututu take. A kan zafin digiri 30 aka yi wannan lissafi. In ya kai 40, kamar yadda yake kaiwa a Sakkwato da Maiduguri a watan Afrilu, sai a rage mata kashi 13 cikin ɗari, kuma ko an rage ba ta san an ɗora mata kaya ba. Abin da ke kashe wayar waje rana ce, da ruwa, da haƙorin ɓera, da ƙusar da wani zai buga bayan an manta inda ta bi. Sharaɗin kawai 1.5 ɗin ta zama ta gaske. Akwai alminiyam da ake yi wa rufin jan ƙarfe. Ka kankare bakin da wuƙa, in fari ya bayyana ka ajiye musu kayansu. Wayoyin Coleman, Cutix da Nigerchin sun yi suna, har tambarinsu ake kwaikwaya, don haka a saya wurin dilan da aka sani.

Idan a bangon ɗaki fitilar za ta zauna, hanyar da ta fi kowace ita ce wadda mai wayarin bai ambata ba: kada wayar ta ga waje ko kaɗan. A ɗauko wuta ta cikin ɗaki, a huda bangon daidai inda gindin fitilar zai rufe, waya ta fito kai tsaye cikin fitila. Rana ba ta gan ta ba, ruwa bai taɓa ta ba, ɓarawo bai sami abin datsewa ba. Dabarar tana wajen hujin. A karkata shi yadda bakinsa na waje zai ɗan fi na ciki yin ƙasa, don ruwan da ya gangaro a jikin bango ya rasa hanyar shiga. A zura guntun bututu kafin waya, saboda cikin bulo yana da kaifi, sannan a toshe gefe da silikon. Sau da yawa taurin kai ne kawai ke hana wannan hanya: maigida ya ƙudurta sai fitila ta tsaya daidai tsakiyar taga biyu, alhali da an matsar da ita ƙafa ɗaya ko biyu, da ta faɗa bayan layin makunnin da ke cikin ɗaki. Ni dai matsarwa zan yi. Da dare ba mai fitowa da awo ya duba ko ta tsaya a tsakiya.

In fitilar tana can sama, ana iya biyowa ta cikin silin a fito ta ƙarƙashin bakin rufi. Sai dai cikin silin nan ne ɓeraye ke sheƙe ayarsu, kuma zafinsa da rana ya fi na tsakar gida nesa ba kusa ba, don haka wayar ta bi cikin bututu, kada a jefa ta ta kwanta a jikin kwano.

Sai hanyar da aka fi gani a unguwanni: waya tsirara a saman bango, ana bin ta da kilif. Ita ce mafi araha, kafin a kira la'asar an gama, kuma ita ce ta fi saurin tsufa. Farar waya mai faɗi ko mai ruwan toka, don cikin ɗaki aka yi ta, robarta ba ta jure rana. A bangon da ke kallon yamma za ka ga ta canza launi, ta bushe, ta yi tauri, in ka lanƙwasa ta sai ta tsage. Fitilar kuma ba ta mutu ba, abin da ke ɓoye hatsarin ke nan. Kullum tana kamawa, sai ranar da aka kwana ana ruwa bango ya jiƙe sharkaf, wani ya dafa ya ji an fizge shi. Mafi muni shi ne masu ɗauko waya guda-guda, ja da baƙa, ko siririyar nan mai laushi irin ta rediyo, su murɗe su rataya a ƙusa. Waya guda-guda riga ɗaya gare ta, mazauninta cikin bututu ne, ko a ɗaki ba ta da hurumin fitowa fili balle a waje.

Ba wai kilif haramun ne a ko'ina ba. Gajeriyar tafiya a ƙarƙashin baranda, inda rana ba ta kaiwa kuma ruwa ba ya fesowa, ba laifi. Haka nan in wayar baƙa ce zagayayya mai riga biyu, irin wadda aka ƙera don waje. Baƙin da ke cikin robarta shi ke tare hasken rana. Mutanen Maraɗi da Damagaram, da yake wayarin Nijar tsarin Faransa yake bi, sun san irinta da sunan R2V. Ɗan hayan da aka hana shi taɓa bango zai iya yin haka, can sama inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Gardamar gaske tana tsakanin hanya biyu da dukansu ke amfani da bututu: a ɗora shi a saman bango, ko a sassaƙe bangon a binne shi. Bututun ɗaya ne, na roba mai milimita 20, wanda waya uku masu lamba 1.5 ke shigewa ba matsi.

Binnewa ta fi kyan gani, ba musu. Rana ba ta kaiwa, akuya ba ta gogawa, yaro ba ya lilo da shi. A ginin da ba a yi wa filasta ba, ba ma abin tsayawa shawara ba ne: a binne, a sa akwati duk inda ake tunanin fitilar waje za ta zauna ko da ba a saye ta ba tukuna, a bar zaren jan waya a ciki.

A gidan da aka gama kuwa, maganar ta sha bamban. Bulon da muke gini da shi, na inci 9 da na inci 6, mai rami ne a ciki, fatarsa ba kauri. Ƙa'idar gini ta Ingila ta ce tsagar da ta miƙe tsaye kada zurfinta ya wuce kashi ɗaya cikin uku na kaurin bango, ta kwance kuwa kada ta wuce ɗaya cikin shida. A bangon inci 6, ɗaya cikin shida inci guda ke nan, da ƙyar bututun zai shige. Yaron da aka ba guduma da cizal ba ruwansa da wannan awo. Bugawa yake har ya ɓurma cikin ramin bulo, ya cusa takardar buhun siminti, ya shafe. Doguwar tsaga a kwance rauni ce ga katangar inci 6, kuma katanga ita ke fara tarar iskar hadari. In dole sai an sassaƙa, a yanka gefe biyu da giranda tukuna, a cire tsakiya a hankali. Sannan a shirya wa abin da zai biyo baya. Sabuwar filasta ba ta cika kama tsohuwa ba, siririyar tsaga kan fito a kan layin, ruwa ya bi ta, kuma sabon fenti ba ya sajewa da wanda ya sha rana. Wanda ya fasa don kyan gani, sau da yawa sai ya ƙare da fentin bango gaba ɗaya.

Wayar da aka binne kuma ta miƙe sambal, sama ko ƙasa ko gefe, daga makunni ko fitila. Kada ta yanke a karkace don a rage tsawo. Duk wanda zai huda bangon gobe, mai kafa tauraron ɗan'adam ko mai ɗaura rumfa, makunni da fitila yake kallo ya ƙiyasta inda waya take. A ɗauki hoto da wayar hannu kafin a shafe. Shi kuwa ginin ƙasa, kada ma a fara sassaƙa shi, buɗe wa ruwa hanya ne.

Bututu a saman bango ba ya burge ido, amma a gidan da aka riga aka gama shi nake zaɓa. Ba a raunana bango ba, in wani abu ya lalace ana ganinsa, in ana son ƙarin fitila sai a buɗe akwati a ci gaba. In an bi da shi ta ƙarƙashin bakin rufi ko ta kusurwa aka shafa masa fentin bango, ba kowa ke lura ba, fentin ma ƙarin kariya ne daga rana. Sai dai a nan ake gane mai sana'a. Bututun ya zama mai kauri. Akwai wanda za ka matsa da yatsa biyu ya lotsa, wannan ba ya daɗewa a rana yake farfashewa. Roba tana miƙewa da zafi, bututu mai tsawon mita 6 zai iya ƙaruwa da kusan santimita guda tsakanin sanyin asuba da zafin azahar. In an ɗaure shi tamau aka liƙe kowace gaɓa da gam, sai ya yi doro. Maɗaurai su kusanci juna, kamar kowace ƙafa biyu, su riƙe ba su shaƙe ba, a bar gaɓa ɗaya mai ɗan sarari a doguwar tafiya. Ruwa kuma zai shiga, ko ta gaɓa ko ta raɓa, don haka a yi ɗan huji a wurin da ya fi ƙasa ya riƙa tsiyayewa, kuma bututu ya shiga akwati da fitila ta ƙasa. Wanda ya shigo ta sama, indararo aka kafa wa fitila. Bakin da aka bari a buɗe kuwa, zanzaro zai yi gini a ciki, tsaka ta bi ta kwanta a kan mahaɗar waya.

Tarankin, farin kwaroron nan mai murfi da ake manna wa bangon ofis, na cikin ɗaki ne. A waje murfin ke bushewa ya ɓalle, ƙura da ruwa su tare a ciki.

Duk wannan maganar bangon ɗaki ce. Fitilar get da ta katanga tafiyarsu daban. Idan katangar ta haɗe da gini, bututu ya bi jikinta ta ciki, can sama, a huda daidai bayan kowace fitila. Ta ciki, ba ta waje ba, ba kuma a kan doron katanga ba. Wayar da ke waje almakashi ɗaya ya ishe ta, fitilar tsaron da za a iya kashewa daga titi kuwa ba ta tsare komai. Ga kuma mai shayin ƙofar gida da ba zai ga laifin jan ɗan layi ba. A guji gindin katanga, nan damshi ke hawa, nan ruwan tsakar gida ke taruwa.

In babu katangar bi, sai sama ko ƙasa. Ta sama sai an ja igiyar ƙarfe an rataya wayar a jikinta, kuma littafin aikin masu wayarin na Ingila ya sa tsawon mita 3.5 inda mutane kawai ke wucewa, mita 5.2 inda mota ke shiga. Ka tuna da tankar ruwa da tifar yashi da motar kayan amarya. Gidan da ba bene ba ba shi da inda zai ɗaura waya a wannan tsawo sai an kafa turke. Ban ga abin so a cikinta ba sai na wucin gadi.

Ta ƙasa ita ce mai tsada, ita ce kuma mai daɗewa in an yi ta yadda ya kamata. Abin da ya dace waya mai sulke, wadda aka naɗe da zaren ƙarfe tsakanin rigunanta, mai jijiya uku. Rami ya kai ƙafa ɗaya da rabi zuwa biyu, a ƙara zurfi inda mota ke takawa, a zuba yashi mai laushi ƙasa da sama, a shimfiɗa ledar gargaɗi kafin a ƙarasa cikewa, don mai diga ya ci karo da ita kafin ya kai ga waya. Sulken yana da aikin da ya wuce tare duka. Ana haɗa shi da layin ƙasa, wato wayar da ke kai wutar da ta ɓalle zuwa cikin ƙasa, ta maɗaurinsa na tagulla a bakin akwati, yadda in diga ta huda, wuta za ta bi ƙarfen ta sauke bureka, makunnin nan da ke faɗuwa da kansa in wuta ta yi yawa, maimakon ta bi hannun mai haƙa. Mai wayarin da ya datse sulken ya naɗe bakin da salatif ya zubar maka da rabin kuɗinka.

Abin da ake yi a madadinsa, waya guda-guda cikin bututun roba a ƙarƙashin intalok, ranar da aka kunna zai kama lafiya lau. Amma bututun ƙasa komai daren daɗewa ruwa ke cika shi, gaɓoɓinsa na buɗewa in ƙasa ta zauna, gara na bi, saiwar darbejiya na turawa. In aljihu bai kai na mai sulke ba, aƙalla a sa baƙar waya mai riga biyu cikin bututu mai kauri, guda ɗaya tun daga gini har ginshiƙi, ba haɗi ko ɗaya a ƙarƙashin ƙasa. Wanda bai shimfiɗa intalok ba tukuna ya binne bututu biyu masu faɗi zuwa get tun yanzu, ɗaya na wuta, ɗaya na kyamara da ƙararrawa.

A daidai nan ya kamata mutum ya tambayi kansa ko yana ma buƙatar wayar. Fitilar sola mai haɗe da farantinta da batirinta ƙusa huɗu ce a bango, ba rami, ba bututu, ba shokin. Tana kuma da hujjar da waya ba ta da ita. A rabon da NERC, hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki a Najeriya, ta yi wa masu amfani da wuta, 'yan rukunin A ne aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, rukunin E awa 4. A watan Oktoban 2024, da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, jihohi da dama sun haura mako guda cikin duhu. Fitilar tsaron da aka jona da wutar Nepa kaɗai, a irin waɗannan darare ado ce.

Ita ma solar ba ta rasa nata aibin ba. Lambar wat 200 ko 300 da ke jikin kwali kada ka ɗauke ta da gaske. Ka dubi girman faranti da nauyin batir. Ƙurar hunturu na rufe farantin, hazo na rage rana, in ba a gogewa sai ta yi ƙarfi bayan isha'i ta mutu kafin asuba, daidai lokacin da aka fi buƙatarta. Batirin da ke gasuwa a rana kullum yana raunana, kuma a yawancin masu araha ba a yi shi don a canza ba. Ga ginshiƙin get mai nisa a gidan da ba inbata, sola ta fi haƙa rami. Ga gidan da ke da inbata, waya ta fi: a jona fitilun waje a layinta, wat 20 na awa 12 bai cika rubu'in yunit ba, kusan yunit 7 ke nan a wata. Tsohuwar halojin mai wat 500 kuwa yunit 6 take sha a dare ɗaya, ita kam kada ta kusanci batir.

Masu jan wuta kai tsaye daga batir mai bolt 12 su lura, wajensu ne kaurin waya ya zama magana. Wat 20 ɗin nan a bolt 12 kusan amfiya 1.7 ce, kuma a tafiyar mita 30 kan waya 1.5 kusan bolt ɗaya da rabi ke zubewa a hanya. Sai an koma mai lamba 4, da fis a bakin batir.

Saura inda za a ɗauko wutar. Mafi kusa yawanci soket ne, kuma nan ake yin kuskuren da ba ya nuna kansa. Layin soket yana bayan bureka mai amfiya 20 ko 32, siririyar waya 1.5 da aka jona masa za ta iya narkewa bureka bai motsa ba. In dole daga soket ne, a sa makunni mai fis na amfiya 3 ko 5 a tsakani. Layin fitilu mai bureka na amfiya 6 ya fi dacewa. In fitilun waje sun kai uku ko huɗu, a ba su nasu layin daga allon rarraba wuta, don ranar da ruwa ya shiga ɗaya kada falo da ɗakuna su faɗa duhu tare da ita.

Sai na'urar da gidaje da yawa ba su da ita, RCD mai miliamfiya 30, wadda ke yanke layi in wuta ta fara zurarewa. Bureka waya yake karewa, ba mutum ba. Wutar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ba tana iya tsayar da zuciya, bureka na amfiya 6 ko gezau. Ita RCD auna abin da ya fita da abin da ya dawo take yi, in ta ga giɓi ta yanke kafin ƙiftawa da bismilla. Wasu masu wayarin kan ce tana damun mutane da faɗuwa da damina, su cire ta. Faɗuwar nan gaya maka take ruwa ya shiga wani wuri. Wurin za a nema.

Fitila mai jikin ƙarfe dole waya ta uku, ta ƙasa, ta isa gare ta a ɗaure a jikinta, musamman in a kan ginshiƙin get na ƙarfe take, wanda kowa ke kamawa. Layin fitilu a tsofaffin gidaje da yawa waya biyu ne kawai. In haka naka yake, ko a ja ta ukun, ko a sayi fitila mai alamar murabba'i cikin murabba'i, wadda ba ta buƙatarta. Makunni kuma layif zai katse, wato wayar da ke kawo wuta, ba nutural da ke mayar da ita ba, in ba haka ba fitila a kashe amma wuta na cikinta ranar da za a canza ƙwai.

A jikin fitilar za ka ga IP da lamba biyu, ta farko ta ƙura, ta biyu ta ruwa. IP44 ta isa a ƙarƙashin baranda. A katanga a nemi IP65, don 6 ɗin nan ce ke hana ƙurar hunturu shiga. Haɗin waya ya zama da konekta cikin akwati mai murfi, ba murɗi da salatif ba, zafi na sakin gam ɗinsa. Silikon a zagaya sama da gefen gindin fitila, a bar ƙasa a buɗe don ruwan da ya saci hanya ya fita. In za a sa na'urar da ke kunna fitila da magariba ta kashe da safe, sai an kai mata nutural, kuma kada ta kalli hasken fitilar da take kunnawa, in ba haka ba za su kwana suna kunnawa suna kashewa.

Aikin nan a ba wanda ya iya. Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, tana ba masu wayarin shaidar ƙwarewa, kuma ba rashin ladabi ba ne a ce, "Malam, ko zan ga takardarka?" Kada a bar kowa ya hau tsani wai don an ɗauke wuta, ana iya dawo da ita yana riƙe da waya, ko yaro ya tayar da janareto, ko inbata ta ci gaba da ba layin wuta shiru. A sauke bureka, a kashe inbata, a gwada da mita mai allo, ba ɗan tasta mai ƙwai kaɗai ba. Kafin a biya cikon kuɗin aiki, ya danna maɓallin gwaji na RCD a gabanka ka ga fitilar ta mutu, ya buɗe gindinta ka ga koriyar waya, wato ta ƙasa, a ɗaure, sannan a kashe layin, a watsa wa bangon ruwa da tiyo daga sama, a buɗe akwatin a duba ko cikinsa ya jiƙe.